Gaisuwa daga Karesuwando

Salamu alaikum mutumina,

Ya gida, ya ƙafar Hajiya? Ka yi haƙuri da shiruna, wlh ba wulaƙanci ba ne, sanyin nan in ka ciro waya a waje kafin ka rubuta layi biyu batir ya mutu.

Sati uku ke nan ina Karesuwando, can ƙuryar arewacin Suwidin, kogi ne iyaka, ka haye gada kana Finlan, asali ma gari ɗaya ne aka raba shi a 1809 da Rasha ta karɓe Finlan. Rana ba ta fitowa yanzu, sai wani haske shuɗi-shuɗi na 'yan awanni da tsakar rana, shi nake farauta. Fentin ruwan da na sha wahalar ɗaukowa daskarewa yake a bakin buroshi, dole na koma gawayi da fensir.

Na yi kwaɓa ranar farko. Dattijon da ya sauke ni Basami ne, wato ɗan ƙabilar Sami ta yankin nan, makiyayin wata barewa mai ƙaho kamar reshen itace, suna ce mata boazu, har matan ƙaho gare su. Kawai na ce nawa gare ka? Ya kalle ni ya ce kai nawa ne a asusunka na banki. Ni da na san ba a tambayar Bafulatani yawan shanunsa! Kunya kamar in nutse.

To ƙaho na zo zanawa amma kunne na ɓige da shi. Kowa da irin yankan da yake wa kunnen dabbarsa da wuƙa tun tana ƙarama, har yara da nasu, kuma cikin garke ana ta zagaye a shinge tururi na tashi jikarsa 'yar shekara goma za ta hango tata ta wurga igiya ta cafke. Ni ido na baza ban ga komai ba. Da na nuna masa zanena ya ce kunnen nan ba na kowa ba ne, in sake.

Kukansa ɗaya, ruwan sama a tsakiyar hunturu, ya sauka ya daskare ya rufe gansakukar da dabbobin suke tonowa ƙarƙashin dusar ƙanƙara, sai an sayi abinci da kuɗi.

Mutanen nan suna da busasshen nama kamar kilishi amma ba yaji, don Allah ka haɗo min yajin ƙuli. Ka gaida mutanen majalisa.

Naka har kullum.