Na bar Amurka da fasfonta a aljihu, amma harajinta ya biyo ni har Accra

Malam Edita, assalamu alaikum. Dan Allah a ɗan ba ni fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana kan wani abu da na lura ba a cika taɓo shi ba. Kullum labarin masu neman shiga Amurka ake yi, wa ya samu biza wa aka hana, amma ba a cika maganar masu fasfon Amurkan a hannu da suke tattara komatsansu suna barin ƙasar ba. Ni ina cikinsu. Ɗan Kano ne ni, cacar biza ta kai ni New York a 1998, na yi shekara 23 a Bronx galibi ina tuƙin tasi, na zama ɗan ƙasa, na auri baƙar fata ƴar can Musulma, sannan a 2021 muka sayar da abin da zai sayu muka taho Accra. Da na je gida Sallar bara wani ƙanin babanmu ya kalle ni sama da ƙasa ya ce wai ko asiri aka yi mun, mutane na sayar da gona su je, ni kuma na baro. Su kuma abokaina na can ba sa barin wayata ta huta, kowa tambayarsa ɗaya ce, wai Alhaji in taho ne? Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta, na gaji da maimaitawa a WhatsApp.

Abin da ya kore mu ba ɓoyayye ba ne. Ban cika shekara da zuwa ba, a Fabrairun 1999, ƴan sanda suka buɗe wa Amadou Diallo ɗan Gini wuta a ƙofar gidansu a nan Bronx ɗin, harsashi 41, ba makami a hannunsa sai walat. Tun daga ranar in motar ƴan sanda ta kunna fitila a bayana sai na ji cikina ya ɗuri ruwa ko ban yi laifin komai ba, kuma haka na rayu shekara ashirin da wani abu. Sai ga korona a 2020 ta yi wa unguwarmu kaca-kaca, tasi ta tsaya cak, haya kuma ba ta san da wata korona ba, ana cikin haka aka kashe George Floyd. Maiɗakina dama tun 2019 da Ghana ta yi shekarar nan ta kiran jikokin bayi su dawo gida, cikar shekara 400 da kai bayin farko Virginia a 1619, hankalinta ya karkata nan. Kullum sai ta tuna mun cewa W.E.B. Du Bois, shahararren marubuci baƙar fatar Amurka, ma da tsufansa ya taho a 1961, a Accra ya rasu a 1963, kabarinsa na nan Cantonments. Ni kuma na duba na ga Nima da Madina Hausa ake ji ko'ina, akwai koko da ƙosai da safe, akwai tuwon zafi, ga Kano ba nisa, na ce to mu tafi.

Kuma gaskiya mun samu abin da muka zo nema, ba zan yi wa Allah butulci ba. Ina jin kiran sallah daga ɗakina, ina tafiya masallaci da ƙafa sau biyar, abin da a can sai dai in faka mota a gefen titi in shimfiɗa kwali ina sallah ina satar kallon mai rubuta tikiti. Hawan jinina ya sauka. Matata ta ce a karon farko a rayuwarta tana shiga kanti ba wanda ke bin ta a baya yana leƙen jakarta. Wannan ba abu ne da za a sa masa farashi ba, kuma duk wanda bai taɓa zama baƙar fata a can ba ba lallai ya gane nauyinsa ba.

To amma fa hangen Dala ba shiga birni ba ne. Abu na farko da ba wanda ya zaunar da ni ya faɗa mun shi ne Amurka ba ta sakin ɗan ƙasarta a maganar haraji. Kusan duk duniya inda kake zaune nan kake biya, ita kuwa fasfo take bi, ko a duniyar wata kake zaune in dai kuɗin da ka samu sun kai ƙa'ida sai ka cike takardun haraji ka aika wa hukumar harajinsu IRS duk shekara. Eritiriya ce kawai ake ambatawa da irin wannan hali. Eh akwai rangwame, in ka cika kwana 330 a waje cikin wata goma sha biyu za ka iya cire albashinka daga lissafi har zuwa wani adadi, a 2024 dala 126,500 ne, kuma ni ina na ga irin wannan kuɗi, don haka na saki jiki na ɗauka na tsira. Ashe akwai wani rami. Aikin da nake yi yanzu shi ne tsara wa wasu direbobin manyan motoci na can lodi ta waya da kwamfuta, wato zaman kaina nake ba ma'aikacin kowa ba, mai zaman kansa kuwa akwai harajin fansho da na lafiya kashi 15.3 cikin ɗari a kansa wanda wancan rangwamen bai shafe shi ba. Ƙasashen Turai da yawa suna da yarjejeniya da Amurka da ke hana a caje ka sau biyu a wannan, Ghana ba ta da ita, Najeriya ma haka. Ranar da akawun da ke mun lissafi ya turo mun adadin na ɗauka kuskure ya yi, na kira shi ina faɗa, ya bar ni na gama sannan ya ce Alhaji ai ni ma ba ni na rubuta dokar ba.

Sai maganar banki, ita ce ma ta fi ba ni haushi. Tun 2010 suka yi wata doka, FATCA, da ta tilasta wa bankunan duniya su dinga kai rahoton asusun Amurkawa. Na je wani banki a nan da koren fasfona na Najeriya ina ganin ai shi ke nan, yarinyar ta turo mun fom, a ciki akwai layin da ke tambaya ko kai ɗan Amurka ne, na tsaya da biro a hannu kaman minti biyu ina tunani, daga ƙarshe na ce ƙarya fure take ba ta ƴaƴa na rubuta gaskiya. Buɗe asusun da ake yi a yini ɗaya sai da ya ci mun sati uku. Bayan wannan kuma in duk kuɗin da ke asusunanka na waje suka haura dala 10,000 a haɗe, ko da na rana ɗaya ne a shekara, dole ka cike wani fom daban da ake kira FBAR, kuma ba naka kaɗai ba, har asusun da kake da ikon sa hannu a kai. Jama'ar masallacinmu sun so su ba ni ma'aji saboda suna ganin na zauna a Amurka na san lissafi, na ce su yi haƙuri, don ina karɓa kuɗin ginin masallacin Madina sai sun shiga takardun gwamnatin Amurka da sunana. Liman dariya ya yi ya ɗauka wasa nake.

Wani zai ce to ka yar da fasfon mana ka huta. Ana yi, Boris Johnson, tsohon firaministan Birtaniya, da aka haifa a New York sai da suka karɓi haraji a hannunsa kan gidan da ya sayar a Landan, daga baya ya ajiye zama ɗan ƙasar a 2016. Amma shi yana da Ingila a bayansa. A 2014 sun kai kuɗin ajiyewar dala 2,350, kuma in ka ajiye ka koma layin biza kaman kowa, ni kuwa ƴaƴana biyu manya suna can da jikoki, in je in tsaya ina roƙon izinin ganin jikana? A'a. Masu girin kad kuma, wato katin izinin zama na dindindin, su yi hattara sosai, nasu ya fi tsauri, in ka wuce shekara a waje ba takardar izinin dawowa ana iya cewa ka yi watsi da katin. Na san mutum biyu da suka taho hutawa suka zarce, yanzu suna nan suna cizon yatsa.

Kan kuɗi, mai samun dala yana kashe sidi yana cikin daɗi, ba musu. A 2022 sidi ta faɗi warwas, daga wajen 6 a dala ɗaya ta haura 13, hauhawar farashi ta wuce kashi 50 cikin ɗari a Disamba, maƙwabtana na kuka ni kuma dalata na ƙara auki, har kunya nake ji. Amma abin da muka riga muka canza muka ajiye a sidi don gini rabinsa ya narke muna kallo. Haya kuma, doka ta ce kada mai gida ya karɓi fiye da na wata shida, a aikace na shekara biyu za a ce ka ajiye, kuma da an ji harshen matata farashi ya tashi. Shi ya sa yanzu in za mu kasuwa ko neman gida nake ce mata ki yi shiru Hajiya, bar ni da su da Hausa.

Fili kam jiki magayi. Tsarin mulkin Ghana bai yarda baƙo ya mallaki ƙasa ba sai dai haya ta shekara 50, wannan mun sani mun yarda. Muka biya kuɗin wani fili ta wajen Kasoa, da takardu da tambari da komai, muka zuba bulo tirela guda, bayan wata biyu na je na tarar da wasu ƙarti zaune kan bulon nawa suna shan rake, wai ogansu ne mai filin, ashe mutum uku aka sayar wa. Magana tana kotu har yau, lauya ya ci, bulo kuma ya tafi. Laifina ne ta wani ɓangaren, ban je ofishin filaye na bincika da kaina ba, na yarda da wani saboda tare muke sahu a masallaci.

Abin da ke hana ni barci yanzu shi ne lafiya. Ganin likita a nan araha ne in ka gwada da can inda motar asibiti kaɗai za ta iya jefa ka bashi, zazzaɓi da awon jini da maganin hawan jini duk da kuɗin aljihu muke yi. Amma inshorar tsofaffi ta Medicare da na shekara ashirin da wani abu ana yankar kuɗinta a jikina ba ta aiki a waje. Kuɗin fansho na Social Security shi zai biyo ka kusan ko'ina in ka cika shekara goma ta aiki kuma kai ɗan ƙasa ne, Medicare kuwa ba ta tsallake iyaka. Kuma in ka kai 65 ba ka shiga sashenta na ganin likita ba, duk shekarar da ka yi jinkiri za a ƙara ma kashi 10 cikin ɗari a kuɗin wata har ƙarshen rayuwa. Kenan ko dai in dinga biyan abin da ba na amfani da shi, ko in ƙi biya ranar da babban ciwo ya zo in koma in tarar da tara. Saura mun shekara kaɗan in yanke, ni da Hajiya mun yi gardama a kai ya fi a ƙirga.

Masu cewa ai da shuɗin fasfon Amurka ko me ya faru za a turo jirgi a ɗauke ka, su tuna da Khartoum a Afrilun 2023. Ma'aikatan ofishin jakadanci aka kwashe da jirage masu saukar ungulu, sauran ƴan ƙasa aka ce kowa ya fake inda yake, sai bayan kwanaki aka shirya ayarin motoci zuwa Port Sudan, kuma yawancin waɗanda suka maƙale irina ne, masu fasfo biyu da suka koma kusa da dangi. A ƙa'idarsu ma in gwamnati ta kwashe ka akwai takardar da kake sa wa hannu cewa za ka biya kuɗin daga baya. Wata uku bayan nan aka yi juyin mulki a Yamai, abokanmu ƴan Nijar da suka baro Greensboro ta Amurka suka gina gidaje a Yamai sun ga yadda iyaka ke rufuwa a dare ɗaya.

Akwai kuma wani ciwon da ba a faɗa. Matata ta taho da zuciyar ta dawo gida wurin ƴan uwa, sai ga yara a layi suna kiranta obroni, wato baturiya, ranar farko da ta fahimci ma'anar kalmar ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Ban ga laifin yaran ba, kuma ban ga laifin masu ƙorafin cewa ƴan dala sun tsadar da haya a East Legon da Osu ba, gaskiyarsu ce, irin wannan fushin ne ya fito da mutane kan titi a birnin Mexico a Yulin 2025 suna cewa baƙi sun kore su daga unguwanninsu. Mu da muka gudo daga tsadar haya mu ne muka zama tsadar hayar wasu. Yanzu dai ta saba, tana koyar da yara karatu ranar Asabar, Hausarta ma ta fara nuna, har ciniki take da masu waake da shinkafa.

In ka tambaye ni ko zan sake, zan sake, amma ba yadda na yi ba. Da na zo na yi hayar wata shida tukuna in ga damina in ga ɗauke wuta, da ban sayi ko taku ɗaya na ƙasa ba sai na shekara biyu, da na biya akawun da ya san harajin mazauna waje tun kafin in sayi tikiti, kuma da ban rufe asusuna na can da lambar wayata ba, don dawo da su daga nan wahala ce mai zaman kanta. Abokina da ya kira jiya daga Harlem na tambaye shi abu uku, daga ina dala za ta dinga shigo maka, wa zai biya in aka ce tiyata, kuma matarka ta yarda ko kai kaɗai ke mafarkin. Ya yi shiru ya ce zai sake kira.

Mazauna waje ana ɗaga mana ƙafa zuwa 15 ga Yuni kafin mu aika takardun harajin, ga su nan a kan tebur tun da azumi ina ta kewaye su, in na gama wannan wasiƙar su zan koma wa. A gaida ma'aikatan jarida baki ɗaya.

Naku,
Tsohon direban tasi na Bronx, daga Madina, Accra