Kafin Ka Sa Hannu

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya a sansani. Labarin ƙwallayenka ya iso Agege, har a ƙofar masallaci ana yi mini barka. Shi ya sa na rubuto tun kafin dillalai su cika maka kunne.

A 2007, a Koriya ta Kudu, Macauley Chrisantus ya ci ƙwallo 7, ya ɗauki takalmin zinare, Najeriya ta ɗaga kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17. Hamburg ta ɗauke shi, sai ya ɓige a ƙaramar ƙungiyarta, daga nan zaman aro a rukuni na biyu na Jamus. Abokin wasansa Rabi'u Ibrahim, ɗan Kano da ake kira sabon Okocha, ya je Sporting ta Lisbon, ya je PSV, ya je Celtic, ko'ina benci ya fi yawa. Sai da ya koma Sulobakiya ya samu wasa a kai a kai. Sani Emmanuel kuwa daga wata ƙungiya ta nan Legas ya fito, ya zama gwarzon gasar 2009, amma a Lazio bai samu gurbi ba.

Ba iyawa suka rasa ba, wasa suka rasa. Tsakanin shekara 17 da 21 ɗan ƙwallo yake nuna, kuma a filin wasa yake nuna, minti 90 kowane mako. Babbar ƙungiya tana da gogaggu biyu ko uku a gurbinka, koci kuma aikinsa na rataye da sakamakon ranar Asabar, ba zai yi gwaji da baƙon yaro ba. Ƙarfi da gudun da ka fi tsaranka da su ma, a can kowa yana da su.

Dubi Osimhen na Olusosun ta nan Legas. Ƙwallo 10 ya ci a irin wannan gasa a Chile a 2015, amma a Wolfsburg ko ɗaya bai ci ba. Da ya yarda ya sauka Charleroi ta Beljiyam a 2018 ne ƙofa ta buɗe, sai Lille, sai Napoli.

Don haka duk wanda ya kawo tayi, tambaye shi: su wa ke buga gurbina, shekarunsu nawa, yara nawa ƙungiyar ta sa a wasa bara? Dokar FIFA ta hana sayen ɗan wasa zuwa wata ƙasa kafin ya cika 18, ban da 'yan keɓantattun hali, kuma ɗan ƙasa da 18 ba ya ƙulla kwantiragin da ya wuce shekara 3. Dillali ya nuna lasisin FIFA. Wanda ya nemi kuɗin gwaji ko ya ce ka ba shi fasfo ya riƙe, ɗan damfara ne. Shekarunka kuma ka bar su yadda suke a takardar haihuwa, ko wa ya ce a rage.

Gwiwa, kada ka ɓoye ciwonta don tsoron rasa riga. Jijiyar cikin gwiwa in ta tsinke, sai tiyata da jinyar wata 6 zuwa 9, mai gaggawar dawowa kuma ya fi saurin sake tsinka ta.

Kowace takarda aka ba ka, ɗauki hotonta ka turo mini, lauya ya karanta tukuna. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce in tuna maka rajistar WAEC.

Naka,
Mahaifinka