Hakeem Olajuwon da dogayen yaranmu da babu mai dubawa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana a kan wani wasa da shafinku na wasanni bai cika waiwaya ba, wato ƙwallon kwando. Duk makon da na buɗe shafin, labarin Arsenal ne da Real Madrid da cinikin 'yan wasan Turai. Ban ce laifi ba ne, abin da jama'a ke so ke nan, ni ma ina taɓa kallo. Sai dai akwai ɗan ƙasar nan, Musulmi, da ya taka matsayin da babu wani ɗan Nijeriya da ya taka a wannan wasa, amma in ka tsaya ƙofar gidan kallo a Ƙofar Ƙaura ka tambayi samari wane ne Hakeem Olajuwon, yawancinsu kallonka kawai za su yi. Ni tsohon malamin wasanni ne, na yi aiki a makarantun sakandare na jihar nan har na ajiye, shi ya sa abin yake ci mini tuwo a ƙwarya.

An haifi Hakeem a Legas ranar 21 ga Janairu, 1963. Iyayensa Yarabawa ne masu sana'ar sayar da siminti. Yana yaro babu abin da ya haɗa shi da ƙwallon kwando. Gola ne a ƙwallon ƙafa, yana kuma buga ƙwallon hannu a makarantarsu, Muslim Teachers College. Yana ɗan shekara 15 makarantar ta zo gasar wasanni ta makarantun horon malamai a Sakkwato, shi kuma ƙwallon hannu ya zo bugawa. Wani ɗalibi ɗan'uwansa ya dubi tsawonsa, ya je ya roƙi malaminsu a bari ya shiga cikin 'yan ƙwallon kwando. Aka bari. Ina so mai karatu ya riƙe wannan wurin da kyau, don shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ba a wata babbar makarantar horar da 'yan wasa aka gano mutumin nan ba. A nan Arewa ne, a gasar 'yan makaranta, irin wadda muka taso muna yi muka kuma zuba ido ta lalace.

A 1980 ya tafi Amurka, Jami'ar Houston, ƙarƙashin koci Guy Lewis. Ya je da tsawo, ƙafa bakwai ake rubuta masa, amma wasan bai zauna masa ba tukuna. Shekarar farko bai buga gasa ba, ta biyu kuma daga benci yake tasowa. Abin da ya gyara shi shi ne lokacin hutu ya riƙa zuwa wani zauren wasanni na cikin gari yana karawa da Moses Malone, wanda a lokacin yana cikin manyan ƙartin gasar NBA, babbar gasar ƙwararrun 'yan ƙwallon kwando ta Amurka. Malone bai raga masa ba, ya ture shi, ya danne shi, har yaron ya koyi tsayawa da ƙafarsa. Sau biyu a jere, 1983 da 1984, ya kai jami'arsu wasan ƙarshe na gasar jami'o'in Amurka, duka biyun aka cinye su. A na 1983 ma, duk da ba su ɗauki kofi ba, shi aka ba kyautar ɗan wasan da ya fi kowa.

A 1984 da ƙungiyoyin NBA suka zauna zaɓen sababbin 'yan wasa, Houston Rockets ce ke da zaɓin farko, ta ɗauki Hakeem. Na uku da aka ɗauka a ranar shi ne Michael Jordan, wanda da yawa ke ganin ba a taɓa yin gwanin wasan kamarsa ba. Har yau ana yi wa ƙungiyar da ta yi zaɓi na biyu dariya don ta tsallake Jordan, amma ba a cika jin mai zargin Houston ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wa wanda bai san wasan ba irin nauyin mutumin.

Ga wanda bai taɓa ganin wasansa ba, bari in ɗan kwatanta. Dogayen 'yan wasa na zamaninsa ƙarfi suke nunawa, su ja da baya suna ture mai tsaronsu har ƙarƙashin kwando. Hakeem kuwa sai ya karɓi ƙwallo ya ba mai tsaro baya, ya karkata kafaɗa dama kamar can za shi, mai tsaro ya bi. Ya juyo hagu, ya ɗaga ƙwallo kamar zai jefa, mai tsaro ya yi tsalle. Shi kuwa ƙafarsa ɗaya na kafe a ƙasa ba ta motsa ba, sai ya sunkuya ya zagaye ta ƙarƙashin hammatar mutum ya ajiye ƙwallo a kwando, wancan bai ma sauko ba. Wannan salon shi ake kira Dream Shake, daga laƙabinsa na The Dream. Shi da bakinsa ya sha faɗin cewa ƙwallon ƙafa ce ta ba shi wannan ƙafar. Ni da na koyar da yara ban yi mamaki ba. Gola yakan koyi jira, kada ya faɗi kafin mai bugu ya buga, kuma wannan haƙurin ne ya sa Hakeem ya doke ƙwallon abokan hamayya a sama sau 3,830, adadin da har yau babu wanda ya kamo a lissafin NBA.

Ya daɗe bai ɗauki kofi ba. Ya kai wasan ƙarshe a 1986, Boston Celtics ta doke su. Sai a 1994 ya cinye New York Knicks a wasa na bakwai, kuma a wannan kakar ya haɗa kyauta uku da babu wanda ya taɓa haɗawa kafinsa: gwarzon shekara, gwarzon masu tsaro, da gwarzon wasan ƙarshe. A 1995 ƙungiyarsa ta shiga zagayen kifa-ɗaya-ƙwala tana ta shida a yankinta, ba mai sa ta a lissafi, amma ya bi ta kan David Robinson, wanda aka ba gwarzon wannan shekarar, sannan ya share Shaquille O'Neal da Orlando Magic wasa huɗu babu ko ɗaya. Na san masu gardama za su ce ai Jordan ya bar wasa a lokacin. A 1994 gaskiya ne. Amma a 1995 ya dawo tun watan Maris, kuma wannan Orlando ɗin da Hakeem ya share ita ce ta fitar da Jordan. Sai su sake lissafi.

Yanzu in zo kan abin da ya fi shafar mu a nan. Babbar matsalar malamin wasanni a ƙasar Katsina ba yara ba ce, iyaye ne, kuma ban ga laifinsu gaba ɗaya ba. Na taɓa samun wani yaro ɗan Fulani daga wajen Jibiya, yana aji uku amma sai ya sunkuya yake shiga ƙofar aji. 'Yan'uwansa suna tsokanarsa da zanƙalele, shi kuma ya koyi tafiya a duƙe don kada a gan shi. Na sa mai walda ya lanƙwasa mini rodi ya yi zobe, muka kafa a jikin allo muka ɗaure a bishiyar bedi bayan ɗakin kwana. Cikin zango ɗaya yaron nan ya miƙe, har tafiyarsa ta canza, hannunsa kuma laushi ne da shi wajen jifa, abin da ba a koya wa mutum. Ranar ziyara mahaifinsa ya same ni ya ce, “Malam, ni karatu na kawo shi. Ban kawo shi ya yi ta tsalle da gajeren wando ana kiran salla ba.” Na ba shi haƙuri, na yi bayani, ya ce ya ji, amma a cire masa ɗa. Aka cire. Yaron yana nan yanzu magidanci, yana da shago a kasuwa, muna gaisawa.

Tsoron wannan uba shi ne wasa zai raba ɗansa da addini da mutunci, kuma duk wanda ya ga yadda wasu 'yan wasa ke rayuwa ba zai ce tsoron banza ba ne. To amma ga Hakeem. Yana azumin Ramadan ana tsakiyar kakar wasa, har da wasannin da ake bugawa da rana, ya yi ta gudu ba ya kurɓar ruwa. A 1995 azumi ya kama a farkon Fabrairu, kuma shi aka zaɓa gwarzon ɗan wasan NBA na wannan watan. Lokacin da manyan 'yan wasa ke sa sunansu a takalman da suka haura dala ɗari, shi da kamfanin Spalding ya ƙulla, aka yi takalmi na wajen dala 35, hujjarsa kuwa ita ce matalauciyar uwa mai 'ya'ya uku ba za ta iya sayen masu tsadar ba, kuma tsadar ce ke sa yara sata. Da ya shiga harkar filaye da gidaje a Houston, da kuɗinsa yake saye, ba ya cin bashin banki saboda kuɗin ruwa. Ya sayi wani tsohon ginin banki a tsakiyar birnin aka mai da shi masallaci da cibiyar da'awa. Bayan ya bar wasa a 2002, da maki 26,946 a kaka 18, ta ƙarshe a Toronto, sai ya kwashi iyalinsa ya koma ƙasar Jodan neman ilimin Larabci da addini. Kobe Bryant da LeBron James, da duk sunan da suka yi, sai da suka je har Houston suka same shi ya koya musu taka ƙafa. Da a ce a wancan lokacin wannan labari yana yawo cikin Hausa, a jarida ko a rediyo, da wataƙila hirata da baban yaron nan ta sha bamban.

Akwai masu riƙe da shi a zuci saboda ya karɓi takardar zama ɗan Amurka a 1993, ya kuma ci musu zinare a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996, gasar da su Kanu suka ciyo mana zinaren ƙwallon ƙafa, Chioma Ajunwa ta ciyo na dogon tsalle. Ni ma na so a ce koren riga ya sa. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, mu tsawo muka ba shi da tarbiyya, su suka ba shi fili da koci da abokan karawa.

Kada kuma wani ya ce wasan na mutanen Kudu ne. Masai Ujiri, wanda ya shugabanci Toronto Raptors har ta ɗauki kofin NBA a 2019, a Zariya ya tashi, a can ya koyi wasan a hannun koci Oliver Johnson. Kano Pillars tana da ƙungiyar ƙwallon kwando da ta sha ɗaukar kofin ƙasa. Mu a Katsina mun fi kowa sanin yadda baƙon wasa ke zama ɗan gida. Folo ba a nan aka haife shi ba, amma da Sarki Dikko ya riƙe shi, Sarki Usman Nagogo ya ɗora, sai ya zama in an ce folo a Nijeriya a tuna Katsina. Wasan Fives, na bugun ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, daga makarantun Ingila aka kawo shi zamanin Kwalejin Katsina, Sardauna ma gwaninsa ne, kuma har gobe ana buga shi a garin nan. Dalili ɗaya ne: an samu masu faɗa a ji da suka gina wurin yin wasan, suka kuma tsaya a kansa.

Filin ƙwallon kwando ba wani abin tashin hankali ba ne. Daɓen siminti ne mai tsawon mita 28 da faɗin mita 15, da ƙarfe biyu, da allo biyu, da zobe a tsayin ƙafa goma. Duk masu waldarmu za su iya. Makarantun cikin gari da gine-gine da shaguna suka cinye musu filin ƙwallon ƙafa, wannan zai shige su. In ma kuɗin bai kai ba, rabin fili da kwando ɗaya ya isa wasan mutum uku-uku, wanda yanzu har a Olamfik ana yin sa. Makarantun kwana na 'yan mata su ma ya dace da su, tunda cikin katanga ake yi, da suturar da iyaye za su yarda da ita. Kuma a tuna ƙungiyar matan Nijeriya, D'Tigress, ta kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a Olamfik ta Faris a 2024, abin da babu wata ƙungiyar ƙwallon kwando ta Afirka, maza ko mata, da ta taɓa yi.

Amma fili ba gasa, wurin shanyar kaya zai koma, na ga haka da idona. Shi ya sa kirana na farko ga hukumomin ilimi da na wasanni ne, su dawo da gasar makarantu shiyya-shiyya, Katsina da Daura da Funtuwa, kowace shekara a kan lokaci, a sa ƙwallon kwando a ciki, a gayyato masu horarwa daga Zariya da Kano su zo su zauna su duba yara. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da ke tara kuɗi a yi fenti da liyafa, su gwada zuba daɓe ɗaya a makarantar da ta yaye su. 'Yan majalisarmu masu gasar cin kofin ƙwallon ƙafa duk kakar zaɓe, su ma ga wata ƙofa.

Ku kuma, ya Edita, roƙona gare ku bai da yawa. Ku ware ko rabin shafi ne sau ɗaya a wata don ƙwallon kwando, ku fara da tarihin Hakeem da hotunansa. In an yi gasar makarantu ku tura wakilinku, ya rubuto sunan makarantar da ta ci da sunan malamin da ya horar da yaran. Shugabannin makarantu suna karanta jarida, kuma wanda ya ga sunan makarantar maƙwabcinsa a ciki, shekara mai zuwa da kansa zai nemi malamin wasanninsa.

Na gode. Wassalam.

Naku,
Tsohon malamin wasanni,
Unguwar Rafindadi, Katsina.