Jakar Baba mai hoton giwa

Aminina,

Assalamu alaikum. Ya iyali, ya sanyin garin naku da kullum kake kuka da shi? Wata huɗu ba wasiƙa ba waya, na ce bari ni in sauke girman kai, tunda kai naka ya fi ƙarfinka. Akwai tambayar da zan yi maka kan maganar gonar nan, amma tsaya ka ji wannan tukuna.

Ranar Asabar muna kwashe kayan ɗakin marigayi Baba, sai ga jakarsa ta kamfanin jirgin sama na Nigeria Airways a ƙarƙashin gado, giwar nan mai fiffike tana nan ba ta goge ba. A ciki har da tsohon tikitinsa, irin mai shafi-shafi da jan kabon a baya, an rubuta sunansa da biro. Wallahi zama na yi daɓas a ƙasa. Ka tuna ranar da muka raka shi filin jirgin Kano? Ya saka babbar riga da ta sha bugu, ya yi naɗi, ya sha turare kamar mai zuwa gaida Sarki, alhali Legas kawai za shi. Mu kuma muka hau bene muna leƙe har ya taka zuwa gindin jirgi, ya hau matakala, ya juyo ya ɗaga hannu. Kai ka rantse kai kaɗai yake ɗaga wa. Da ya dawo, sati guda ana jin labarin abinci: shinkafa da kaza mai zafi, cokalin ƙarfe, ga shayi, ga alawar da ake rabawa kafin a tashi don kada kunne ya toshe.

Shi ne ya ce mana a zamanin Turawa har mai kakaki ake ajiyewa a kan raƙumi, yana busawa in jirgi zai sauka. Ka ƙaryata shi a bayan idonsa, Sarkin Gardama. To na ga hoton da idona. Kano fa tun 1925 jirgi ya sauka a cikinta. Kamfanin jirgin KLM na ƙasar Holland tun 1947 yake zuwa mana, sai 2012 ya ɗauke ƙafa. Giwar Baba kuwa ta kwanta dama a 2003, shekarar da Concorde, jirgin nan da ya fi sauti gudu, shi ma ya daina tashi.

Ni kuma watan jiya na je Abuja. Jirgin ƙarfe tara na safe bai tashi ba sai bayan la'asar, ko sannu ba wanda ya ce mana. Aka cusa mu kamar a motar kasuwar ƙauye, gwiwata tana dukan kujerar gaba, aka miƙo min biskit ɗaya da ruwan gora. Na kusa da ni da gajeren wando da silifa ya shigo, ko sallama babu.

Na san abin da za ka ce: da can mutum nawa ke da kuɗin hawa, ga hayaƙin sigari ya turnuƙe bayan jirgi. Gaskiyarka, ko mu leƙen bene muka ƙare da shi. Amma ka bar ni da begena.

Af, mai shayinmu ya ƙara aure, ta uku ke nan, kuma har yau yana cigiyar bashinka na kofi bakwai da burodi.

Hajiya ta ce a ba autana jakar ya riƙa zuwa Islamiyya da ita. Na ɓoye ta a saman kwaba, kada ka faɗa mata in kun yi waya. Ka gaida uwargida.

Naka har kullum.