Rahoton Ayyukan Ƙungiya Na Shekarar 2025

Assalamu alaikum iyayenmu dattawa, malamai, da 'yan uwa mambobi maza da mata.

Kwamitin zartarwa ya ɗora mini nauyin gabatar muku da abin da ƙungiya ta yi daga Janairu zuwa Disambar 2025. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, shi zai karanto nasa, don haka ba zan taɓa wannan ɓangaren ba.

Aikin da ya fi cin lokacinmu a bana shi ne bin sawun hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yulin 2024, wanda Mai Shari'a Emmanuel Agim ya karanta a ƙarar da Antoni Janar Lateef Fagbemi ya shigar da jihohi 36. Kotun ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, a daina bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, kuma gwamna ba shi da hurumin rushe zaɓaɓɓu ya naɗa kantomomi. Shekara guda da rabi ke nan ana jan ƙafa. An ce kowace ƙaramar hukuma ta buɗe asusu a Babban Banki, maganar ta yi ta tafiyar hawainiya, har a watan Disamba Shugaba Tinubu da kansa ya ja kunnen gwamnoni a taron jam'iyyarsa kan su saki kuɗin.

Mu a namu ɓangaren, kwamitin sa ido ya rubuta wa ƙananan hukumomin da muke da mambobi yana neman kwafen kasafin kuɗi, bisa Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 wadda ta ba ma'aikata kwana bakwai ta ba da amsa. Mafi yawa ba su amsa ba. Wata ta karɓi takardarmu, magatakarda ya buga hatimi, daga nan sai "ciyaman ya tafi taro" da "a dawo Litinin". Wata kuma, a yaba mata, ta ba mu hoton kasafin. Da muka zauna muka karanta, sai muka ga albashi da alawus sun lashe kusan komai, ayyukan raya ƙasa kuwa an dunƙule su a layi uku: gyaran rijiyoyin burtsatse, gyaran azuzuwa, tallafi. Ba sunan mazaɓa, ba sunan makaranta. Da irin wannan takarda ba wanda zai iya kama hannun kowa.

Mun kuma nemi halartar zaman majalisar kansiloli. A inda aka bar mu muka shiga, zaman bai kai tsawon huɗubar Juma'a ba. Shugaban majalisa ya karanto takardar da ta zo daga ofishin ciyaman, aka ce "an amince", aka yi addu'a aka tashi. Wani kansila da ya rako mu bakin ƙofa ya ce mana, "Ku yi haƙuri, wanda ya ba ka kujera ai ba ka ɗaga masa murya." Ba mu ga laifinsa sosai ba. A zaɓukan Oktoban 2024 APC ta lashe duk ƙananan hukumomi 27 na Jigawa da 23 na Kaduna, NNPP ta kwashe 44 na Kano, sannan a Fabrairun bana APC ta sake kwashe 34 na Katsina. Galibi jam'iyyar da ke gidan gwamnati ce ke cinye komai, ko wace ce ita, domin gwamna ne ke naɗa hukumar zaɓen jiha. Ra'ayin kwamiti shi ne, ko gobe aka fara tura kuɗin kai tsaye, majalisar da ba ta da ɗan adawa ko ɗaya ba za ta tambayi inda suka shiga ba.

Abuja ce kawai ta fita daban, domin INEC ke gudanar da zaɓen can. A 2022 APC da PDP sun raba kujerun ciyaman shida uku-uku. Wannan hujja muka kafa a takardar da muka aika wa kwamitin gyaran tsarin mulki lokacin jin ra'ayin jama'a na watan Yuli, inda muka nemi a raba gwamnoni da zaɓen ƙananan hukumomi, a kuma goge asusun haɗin gwiwa daga sashe na 162.

Sai maganar da ta kusa raba mu. Ranar 2 ga Yuli haɗakar 'yan adawa ta ɗauki jam'iyyar ADC, da David Mark a matsayin shugaban riƙo da Rauf Aregbesola sakatare, kuma Atiku Abubakar, Peter Obi, Nasir El-Rufai da Rotimi Amaechi duk sun halarta. Wasu mambobi, musamman matasa, sun kawo ƙudurin ƙungiya ta fito ta mara baya, wasu suka ce idan aka yi haka za su ajiye katinsu. An ɗaga murya, ba zan ɓoye ba. Dattawa suka ba da shawarar a yi lacca kafin a kaɗa ƙuri'a, kuma sun yi daidai. Malamin da muka gayyato ya bi tarihin gwamnatocin haɗin gambiza: na jam'iyyun NPC da NCNC bayan zaɓen 1959, da yarjejeniyar NPN da NPP ta 1979 wadda ta watse a 1981, shekarar da majalisar Kaduna mai rinjayen NPN ta tsige Gwamna Balarabe Musa na PRP. Ya bambanta waɗannan da maja irin ta 2013 da ta haifar da APC. Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne tambayarsa: a cikin duk waɗannan yarjejeniyoyi, wace ce ta taɓa zama kan yadda za a tafiyar da mazaɓa? Rabon ministoci da kujerun majalisa ake yi. Bayan laccar aka kaɗa ƙuri'a, ƙungiya ta zauna a kan tsarinta na rashin jingina da jam'iyya, kowa ya yi siyasarsa da sunansa.

Taron wata na Yuli an mai da shi zaman addu'a saboda rasuwar tsohon Shugaba Muhammadu Buhari ranar 13 ga watan. Allah ya jiƙansa da sauran magabatanmu. Daga ƙarshen Agusta, da INEC ta buɗe rajistar masu zaɓe, reshen mata ya riƙa shiga gida-gida da makarantun Islamiyya na matan aure yana faɗakarwa, kuma su suka fi kowa ƙoƙari a bana.

A 2026 kwamiti yana neman amincewarku kan abu biyu. Na farko a tura wakilai su kalli zaɓen ƙananan hukumomin Abuja na ranar 21 ga Fabrairu. Na biyu a rubuta tambayoyi iri ɗaya kan kuɗin ƙananan hukumomi da hukumar zaɓen jiha, a kai wa duk mai neman gwamna a 2027, na gwamnati da na haɗaka, a buga amsoshinsu yadda suka bayar. Masu son shiga kwamitin sa ido su ba da sunayensu bayan an tashi.

Wassalam.

Sakataren Ƙungiya, a madadin Kwamitin Zartarwa