Sashe na 24 da matasanmu na soshiyal midiya

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta rahotonku kan yadda har yau ake kama matasa da 'yan jarida da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, sashen da ya tanadi hukunci kan wasu saƙonnin da ake aikawa ta intanet, duk da gyaran da aka yi mata a 2024.

Wallahi abin na damuna. Tun 2020 kotun ECOWAS ta ce sashen ya take 'yancin faɗar albarkacin baki, amma yaro ya soki gwamna a Facebook ko TikTok sai a kwashe shi a tsare kwana da kwanaki, masu yashe wa mutane asusun banki ta waya kuma suna yawonsu.

Ina roƙon Majalisar Tarayya ta cire ɗauri daga maganar suka. Wanda aka ɓata wa suna ya je kotu neman diyya.

Naku,
Mai karatu daga Kano