Rahoton Ayyukan Ƙungiya na Shekarar 2024, daga Sakatare

Assalamu alaikum 'yan uwa 'yan asalin Rano na gida da na waje. Ga rahoton shekara, dan Allah a karanta har ƙarshe kafin a fara jefo tambaya a guruf.

Mitin na wata-wata duk an yi, sai na watan azumi da aka ɗaga.

Maganar littafin tarihin ƙaramar hukumarmu da kullum ake tambayata ina aka kwana, littafin bai fito ba, kuma ba sakacin kwamiti ba ne. Mun gama babin masarauta tun farkon shekara bisa tsarin 2019 lokacin da gwamnatin Ganduje ta ɗaga Rano tare da Bichi da Gaya da Ƙaraye, har Doguwa da Tudun Wada suna ƙarƙashinmu, kwatsam a watan Mayu majalisar jiha ta soke dokar, muka zauna muka sake rubutu, ba mu gama ba a watan Yuli aka dawo da Rano a matsayin masarauta mai daraja ta biyu da Rano da Bunkure da Kibiya kawai. To ku gaya min, da mun yi gaggawa mun kai wa mai buga littafi a watan Afrilu yanzu me za mu yi da kwafin? Wannan ɗaya kenan. Na biyu kuma kuɗi. Ko rabin mambobi ba su biya kuɗin wata na bana ba, wasu tun na bara ake binsu, Ma'aji ya tura lambar asusu har ya gaji, ni ma na kira wasu har sun daina ɗaukar wayata. Takarda ta yi tsada, mai buga littafi ba ya karɓar "insha Allah gobe za ka ga alat".

Abin da ya faranta mana rai bana shi ne taron tarihi da muka yi wa ɗalibai bayan Babbar Sallah, wallahi wanda bai zo ba ya yi asara. Matasanmu sun zana taswirar ƙaramar hukuma a kan farin ƙyalle babba aka rataya a bango, mazaɓu goma kowacce da kalarta. Aka fara kacici-kacici, samari sai inda-inda suke, wani ma cewa ya yi Kibiya mazaɓa ce a Rano aka yi ta dariya, sai da Malam ya fahimtar da shi cewa ƙaramar hukuma ce mai zaman kanta, kujerar majalisar wakilai ce muke haɗawa da su da Bunkure. Can wata yarinya daga Rurum ta miƙe, hijabinta har ƙasa, ba ta ko kalli ƙyallen ba ta jero su tas, Rano, Dawaki, Lausu, Madachi, Saji, Yalwa, Zinyau, Zurgu, Rurum Sabon Gari da Rurum Tsohon Gari. Tafi kam ba a magana. Shugaba da kansa ya ƙara mata kyauta daga aljihunsa.

Daga nan Baba, dattijon da muka ɗauko, ya karɓi lasifika ya yi bayanin Hausa Bakwai da dalilin da ya sa ake wa sarkinmu kirari da Autan Bawo, da yadda a labarin Bayajidda Kano da Rano ne sarakunan baba saboda rini. Ya kawo zancen dam ɗin Tiga da aka gina zamanin Audu Bako, yadda ya canza noman rani a wannan yanki. Mun ba shi minti 20 ya cinye awa guda, babu wanda ya tashi. Abin da ni ya fi burge ni shi ne da aka bambance wa yara aikin hakimi da dagaci da mai unguwa daban, na ciyaman da kansila daban, don manya da yawa ma har yanzu rikicin gona suke kai wa kansila, maganar kwalbati kuma su kai wa dagaci. Kujeru da rumfa da abinci kuwa mutanen nan dai da kuka sani su suka ɗauki nauyi, kullum su ne, Allah ya saka musu.

Ziyarar sabon ciyaman ma ba ta yiwu ba. Bayan hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yuli kan a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, da zaɓen ƙananan hukumomi na 26 ga Oktoba, mun ce kowace mazaɓa ta kawo buƙatunta a rubuce mu haɗa mu kai. Mazaɓu kaɗan ne suka kawo. Ba zan ɗauki takarda rabi in je sakatariya in ce ina magana da yawun Rano gaba ɗaya ba, gobe a ce an nuna bambanci. Abin haushi masu dogon sharhi a guruf kan hanya da ruwan sha su ne ba su aiko ko layi ɗaya ba.

Wakilan mazaɓun da suka rage su turo nasu kafin mitin na Janairu. Ma'aji zai sa sunayen waɗanda ake bi bashi a guruf ranar mitin ɗin, haka aka yanke, wanda ba ya so ya ga sunansa lambar asusu tana nan ba ta canza ba.

Wassalam,
Sakatare